Sharhin Finafinan Barkwanci na Samarin Amurka Matafiya

Akwai wani rukuni na finafinan Amurka da ya yi tashe daga 1999 zuwa wajen 2008, wanda ɗalibai da dama sun kalla a ɗakin kwana amma ba a cika ambatonsa a aji ba. Su ne finafinan barkwanci masu cike da batsa, inda samari uku ko huɗu kan kama doguwar hanya saboda mace. Tun da ana koya mana nazarin fim kamar sauran rassan adabi, ya kamata mu san ta inda ake kama irin waɗannan.

Zubinsu kusan ɗaya ne. A Road Trip, wanda Todd Phillips ya ba da umarni a 2000, wani ɗalibi mai suna Josh ya ci amanar budurwarsa, aka ɗauki abin a kaset, sai kaset ɗin ya shiga gidan waya bisa kuskure. Shi da abokansa suka tashi daga Ithaca zuwa Austin, tafiyar mil 1,800, don su riga kaset ɗin isa. A Sex Drive na 2008 kuma, saurayin ya ɗauke motar yayansa ne daga yankin Chicago zuwa Knoxville neman wata da ya sani ta intanet kawai. Wato dalilin tafiyar ba shi da nauyi. Aikinsa shi ne ya jera fitattun wurare na ban dariya ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka mai sharhin da ya ce labarin ba ya kama hankali bai faɗi komai ba. Abin tambaya shi ne: kowane zango ya ƙara wani abu ga halin taurarin, ko kuwa za a iya cire shi ba a ji giɓi ba?

EuroTrip na 2004 ya fi dacewa da mu ɗaliban harshe, domin kuskuren harshe ne ya haifar da tafiyar. Scotty yana musayar wasiƙa da Jamusanci da wani da ya zaci namiji ne mai suna Mike, ashe Mieke ce, mace. Bayan ya zage ta, sai ya bi ta har Balin ta Landan, Faris, Amsterdam da Bratislava. A nan ne mai nazari zai lura da wanda ake yi wa dariya. An nuna Turawan Ingila a matsayin 'yan ƙwallo masu faɗa, an nuna Bratislava kamar kango inda canjin dala biyu ke sayen duniya, alhali yawancin fim ɗin a ƙasar Czech aka ɗauka. A ganina, wurin sunan nan ya fi duk sauran armashi, don jahilcin Ba'amurken ne abin dariya, ba baƙon ba.

Batun mata ya fi tsanani. Sau da yawa yarinya a waɗannan finafinai lada ce da ake karɓa a ƙarshen hanya, ba ta da nata buri. A American Pie na 1999, wanda ba na tafiya ba ne amma shi ya buɗe kasuwar, an watsa hoton wata ɗaliba tana tuɓe kaya ba da saninta ba, aka mai da shi wasa. Sharhin da ya tsallake wannan ya rage wa mai karatu abin da yake buƙata kafin ya kalla.

Har ila yau, a bayyana wace siga aka kalla. Hukumar tace finafinai ta masana'antar Amurka ta ba su alamar R, wato ɗan ƙasa da shekara 17 sai da babba, amma kamfanoni sun riƙa fitar da faifan da ba a tace ba, mai ƙarin tsiraici.

Wahalar ƙarshe ta rubutu da Hausa ce. Kunya ba za ta bari a kawo kalmomin kai tsaye ba, sai a sakaya: “ya kwana da ita”, “maganar banza”. Sakayawar tana da kyau, muddin ba ta sa uba ya zaci fim ɗin na kallon iyali ba ne.