Madannin da samari ke kashewa a motocin zamani

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titi a Bauchi ranar ɗaukar amarya ya san abin da kan biyo baya. Ayarin motoci ya taso ana ta matsa oda, sai wani saurayi ya fice daga layi, ya take totur, ya murɗe sitiyari, mota ta dinga juyi wuri guda kamar katantanwa, hayaƙin taya ya turnuƙe, 'yan kallo suna ta sowa. Abin da galibin masu sowar ba su sani ba shi ne, motar zamani ba ta yarda a yi mata haka sai an fara kashe wani mai tsaro da maƙeranta suka dasa a cikinta.

Mai tsaron nan na'urori ne guda biyu masu aiki tare. Ta farko tana lura da ƙafafun mota, in ta ga wata taya tana juyawa a banza ba ta kama ƙasa ba, sai ta rage ƙarfin inji. Ta biyu, wadda ita ce babba, tana gwada inda direba ya nufa da sitiyari da inda motar ta dosa. Da zarar sun saɓa, watau mota ta soma zamewa a kwana, sai ta kama birkin ƙafa ɗaya tak, ta maido da ita kan hanya tun kafin direba ya farga. Ba direban da zai iya wannan, komai gwanintarsa, domin shi birki guda gare shi a ƙarƙashin ƙafa. Mercedes na kiranta ESP, BMW na ce mata DSC, Toyota kuwa VSC.

Kamfanin Mercedes da na Bosch ne suka fito da ita a Jamus a 1995. Ta yi suna a 1997, sa'ad da wata ƙaramar Mercedes ta kife a wani gwajin kauce wa dabba a ƙasar Suwidin, har kamfanin ya ga ba makawa sai ya sa na'urar a cikin samfurin duka. Amurka ta wajabta ta a kan sabbin ƙananan motoci tun daga ƙirar 2012, Tarayyar Turai ta bi sahu a 2014, bayan da hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka ta ƙiyasta cewa tana rage haɗarin da mota kan yi ita kaɗai da kimanin kashi 34 cikin 100.

To, in haka amfaninta yake, don me aka sa madannin kashe ta? Dalili na farko kowane direban karkara zai gane shi. In mota ta kafe a yashi ko a taɓo da damina, tilas taya ta yi juyi da ƙarfi kafin ta fita, na'urar kuwa hana juyin take yi. A motoci da yawa, dannawa sau ɗaya na kashe ta farkon kurum, sai an danne na 'yan daƙiƙoƙi kana ta biyun ta mutu. In aka kashe inji aka sake tayarwa, duka sukan dawo.

Dalili na biyu shi ne filin tsere. Gwanin tsere yana so bayan motarsa ya ɗan zame yayin fita kwana, na'urar kuwa sai ta yanke masa wuta, ga birki yana ta ɗaukar zafi. Ko a gasar Formula 1 an haramta na'urar hana sulɓin taya tun 2008, domin a ga gwanintar direba tsantsa. Amma fa mai karatu ya dubi irin filin. A Silverstone ta Ingila, motoci duka gefe guda suka fuskanta. An zuba tsakuwa a bayan kwana mai haɗari don ta riƙe motar da ta kubce, an jera tayoyi a jikin shinge, direba na sanye da hular kwano, motar asibiti na tsaye tana jira. Duk da haka masu koyar da tuƙi a irin filayen nan sukan umurci sabon shiga da ya bar na'urarsa a kunne.

Bauchi ba ta da fili irin wannan. Abin da muke da shi shi ne shataletalen Wunti da hanyar Jos, inda ɗan acaɓa da mai Keke Napep da almajiri da akuya duk suke da rabo a kwalta ɗaya, ga yashi kwance a gefen titi.

A ganina ma, samarin biki ba su ne suka fi ban tsoro ba, tun da su sun san sun kashe. Akwai magidanta masu yawa da ke ɗaukar iyali zuwa Jos ko Gombe alhali tasu na'urar ta daɗe da mutuwa. Yawancin motocinmu 'yan Kwatano ne, sun sha tafiya kafin su iso. Sansar da ke ƙidaya juyin taya takan lalace, ko wayarta ta tsinke wajen gyaran ƙafa. Wani kuma birkin ABS ne ya dame shi, kayan gyara suka yi tsada, bakanike ya ba shi shawarar a cire a mai da shi birkin gargajiya. Na'urorin nan biyu kuwa a kan ABS suka dogara, in ya tafi sun tafi.

Motar takan faɗa da kanta. In aka murɗa makulli, wata fitila ruwan ɗorawa mai hoton mota da layuka biyu a karkace za ta kama a gaban direba, ta mutu bayan 'yan daƙiƙoƙi. In ta yi walƙiya ana cikin tafiya, aiki take yi. In ta zauna a kunne, an kashe ta ko ta lalace. In kuwa motar ta zo da na'urar amma fitilar ba ta kama ko kaɗan, to, a tambayi wanda ya sayar da ita ina ƙwan ya tafi.