Kusa da Kwando Ake Koyon Jifa

Yaron da ya kalli ɗan wasan ƙwallon kwando Stephen Curry a wayar yayansa, a Gwashi ko Gummi ko Anka, nisan jifan ne ke ɗaukar hankalinsa. Da ya samu ƙwallo sai ya ja can baya, ya wurga ta daga ƙirji da hannu biyu, yana murɗa jiki don ta kai. Nan ɓarnar take farawa, domin hannu ba ya saurin sakin abin da ya saba. Shi kansa Curry, yana sakandare, daga wajen ƙugu yake sakin ƙwallo, sai da mahaifinsa, Dell Curry, ya sa shi ya sake koyo daga gindin kwando.

Dalilin a fili yake. Faɗin zoben kwando santimita 45 ne, ƙwallon manya kuwa kusan 24. Idan ta zo a miƙe, bakin zoben ƙuntata yake yi mata. Idan ta yi sama ta gangaro, sai ta tarar da shi a buɗe. Wannan lanƙwasa daga ƙafafu take samuwa: a ɗan durƙusa, gwiwar hannu tana ƙarƙashin ƙwallo, ƙwallon tana kan yatsu ba cikin tafi ba, ɗayan hannun tallafi kawai yake yi daga gefe. A miƙe gaba ɗaya, a karya wuyan hannu, ta fita tana juyawa baya, ta yadda ko ta taɓa ƙarfe ba za ta yi tsalle da nisa ba. Yaron da ƙarfinsa bai kai ba, ya tsaya nesa, dole ya watsar da duk wannan.

Wani zai ce, tunda tana shiga, ina ruwan wani da salo? Tana shiga ne don babu mai tsare shi. Ranar da dogo ya tsaya gabansa da hannu a sama, jifan ƙirji a tafin dogon zai ƙare. Maki ukun da 'yan D'Tigers na Najeriya suka zura har sau 20, ranar da suka doke Amurka 90 da 87 a 2021, an jefa su ne a wasan da akwai masu tsaro.

Sai masu cewa ƙauye ba fili, ba koci. Gaskiya ne Zariya, inda fitaccen jami'in ƙwallon kwando Masai Ujiri ya tashi, ta ci albarkacin koci Oliver Johnson. Amma matakin farko ba ya neman daɓen siminti. Mai walda zai lanƙwasa rodi ya yi zobe, a kafa a jikin turke, ga ƙananan yara a mita 2.60 maimakon 3.05 na manya. Yaro ya tsaya taku biyu daga zoben, ya riƙa jefawa da hannu ɗaya, kada ya ƙara taku sai ƙwallon ta riƙa shiga ba ta taɓa ƙarfe ba.