Kafin a Sauke Akwatin Giya, a Fara Auna Waya

A garejojin ƙasar Gwandu, tun daga Dodoru har Kalgo da Birnin Kebbi, akwai hukuncin da ake yanke wa mota mai giya atomatik ba tare da dogon nazari ba. Da zarar mai mota ya ce tana karkarwa idan ta miƙe a kan kwalta, ko tana mutuwa idan ya taka birki zai tsaya, sai a ce masa: "Alhaji, giya ce ta tafi. Atomatik ba ta gyaruwa, sai dai a sauke a ɗora ta Beljiyam." Manyan makanikai ne ke faɗar haka, mutanen da suka fi ni sanin ƙarfe nesa ba kusa ba, kuma ina ganin girmansu. Amma a nan ina da ja, domin sau da yawa akwatin giyar lafiyarsa lau, cutar tana jikin waya ne ko wani ɗan ƙarfe mai aiki da lantarki.

Maganar iyayen gidan namu tana da asali. Yawancinsu a kan Fijo 404 da 504 suka koyi aiki, motocin da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, waɗanda kunne da hannu suka isa a gano ciwonsu. Daga baya motocin Kwatano suka cika gari, Corolla da Camry da Accord, ba littafin gyara, ba kayan awo. Wanda ya buɗe akwatin da bai san cikinsa ba ya kasa mayarwa, dole ya ji tsoron sake buɗe wani.

Tsakanin inji da akwatin giyar atomatik akwai wani kasko rufaffe cike da man giya, shi ake kira kwanbata. A cikinsa inji yana juya faifai mai fikafikai, faifan ya watsa mai, man ya juya wani faifan da ke haɗe da giya. Tun da mai ne ke haɗa su, mota za ta iya tsayawa cikin giya inji bai mutu ba. Illar ita ce kullum akwai santsi tsakaninsu, santsin kuwa asarar fetur ne da ƙarin zafi. Don haka aka sa kuloci a cikin kaskon, wanda ke kulle faifan biyu su zama ɗaya idan mota ta miƙe. Kamfanin Packard na Amurka ya fito da wannan dabara a 1949, Chrysler ya farfaɗo da ita a 1978 bayan tsadar man da ta biyo rikicin 1973. A motocin yau kwamfutar mota ce ke ba da umarnin kullewa, ta tura wuta zuwa solanoyid, wato ɗan bawul mai naɗaɗɗiyar wayar tagulla, shi kuma ya buɗe wa mai hanya ya danne kulocin.

Idan solanoyid ɗin ya maƙale a kulle, kuloci ba zai saki ba, sai mota ta yi gargada ta mutu a bakin mararraba, ko da giyoyinta duka ƙalau suke. Wannan ya addabi ƙananan motocin General Motors na shekarun 1980, kuma canza solanoyid ne maganinsa. Idan kuma wuta ba ta isa gare shi ba, kuloci ba zai taɓa kamawa ba: inji ya riƙa kuka sama da yadda ya saba, fetur ya riƙa tafiya, man giya ya riƙa dahuwa. Idan wutar tana zuwa tana yankewa, sai a ji fizga lokaci-lokaci.

Akwai gwajin da direba zai yi da kansa ba tare da ko sifana ba. A miƙaƙƙiyar hanya wadda ba cunkoso, inji ya yi ɗumi, a riƙe totur daidai a gudun kilomita 70 ko 80, a duba allurar da ke nuna juyin inji. Sai a ɗan taɓa birki da ƙafar hagu, iya yadda fitilar birki za ta kama. A yawancin waɗannan motoci kwamfuta tana sakin kuloci da ta ji birki, don haka allurar za ta ɗan hau, in an ɗaga ƙafa ta sauko. In karkarwar ta ɗauke a daidai lokacin, zargi ya koma kan kulocin da abin da ke sarrafa shi. In ta ci gaba, a je a duba fulogi da kwayil, domin injin da ke tsallake wuta yana karkarwa iri ɗaya, kuma an sha sauke giya saboda fulogi guda.

Bayan haka a sa wa motar kwamfuta. Duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka tun daga 1996 tana da soket mai ƙofa 16 a ƙarƙashin sitiyari, motocin Turai masu shan fetur kuma tun daga 2001. Lambobin da na'urar ke nunawa ba ɗaya suke ba. P0743 tana cewa layin wutar solanoyid ne ke da matsala. P0741 tana cewa an ba da umarni amma kuloci bai kama ba, P0742 kuma ya kama ya ƙi saki. Ta farkon aikin mai wayarin ne. Biyun na baya suna iya zama datti a bawul, ko mai, ko kulocin kansa. Ina roƙon 'yan'uwa masu gyara su daina cire kan batir don fitilar gargaɗi ta mutu kafin a karanta abin da ta ƙunsa, balle a toshe ta gaba ɗaya kamar yadda wasu dillalai ke yi. Shaidar da za a yi hukunci da ita ce ake gogewa.

A nan ne ƙaramar mita ke yin aikin da guduma ba za ta yi ba. A zare soket ɗin da ke jikin akwatin giya, a auna naɗin solanoyid. A Toyota da yawa, irin mai kunnawa da kashewa yana nuna om 11 zuwa 15 a zafin digiri 20, irin mai buɗewa sannu a hankali kuma kusan om 5. Kowace mota da nata adadin, sai a nemi nata. In mita ba ta motsa ba, naɗin ya tsinke. In ta faɗo kusa da sifiri, ya ƙone ya haɗe. Sai dai a tuna da ƙasarmu: tagulla tana ƙara turjiya da kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri, saboda haka solanoyid mai om 13 zai nuna wajen 16 idan giya ta kai digiri 80. Wanda ya auna motar da ta shigo daga Jega da azahar ɗin watan Afrilu zai iya yar da lafiyayyen kaya. Haka kuma akwai naɗin da ke nuna daidai da sanyin safiya, sai ya yi zafi ya yanke, shi ya sa wata motar ba ta fara rigima sai ta yi tafiya mai nisa.

In solanoyid ya fita da gaskiyarsa, sai a sake awon daga can wajen kwamfuta, ana girgiza wayoyin da hannu. Bambancin awo biyun shi ke tona waya. Abubuwan da ke cin waya kuwa a ƙauyukanmu suke zaune: ɓeran da ke kwana a injin motar da ake ajiyewa kusa da rumbu, ruwan damina da ake kutsawa ciki har ya kai soket ya bar tsatsa kore-kore, wankin inji da ruwa mai ƙarfi, wayar da ta kwanta a kan salansa ta narke, da wayar ƙasa da aka manta ba a ɗaure ba bayan wani gyaran. Manomin rani da ruwa bai kai fadamarsa ba yakan bi tiyo tukuna kafin ya ce injin ban ruwa ya mutu.

Wani abin ma ba ya kusa da giya. Makunnin fitilar birki in ya lalace, kwamfuta za ta ɗauka ƙafa tana kan birki, ta hana kullewa. Ga kuma al'adarmu ta cire tamostat da sunan zafin Arewa. Kwamfuta ba ta kulle kuloci sai inji ya yi ɗumi, a Toyota da yawa sai ruwa ya haura digiri 60, don haka da asubahin hunturu motar da aka cire mata shi za ta yi ta gudu a sake.

Ban ce giya ba ta mutuwa ba. In an zaro sandar awo man ya yi baƙi yana ƙauri, ko an sauke farantin ƙasa an tarar da garin ƙarfe, to maigida ya yi gaskiya, mita ba ta da abin cewa. Akwai ma motocin da suka zo da rauninsu daga masana'anta, kamar Accord mai silinda 6 da Honda ya yi wa kiranye a Amurka a 2004 saboda giya ta biyu. Abin da ya fi damuna shi ne jinkiri ne ke mayar da ƙaramin ciwo babba. Mai motar da aka ce wa sai sabuwar giya, ba shi da kuɗin, sai ya ci gaba da lodi tsakanin Gwandu da Birnin Kebbi wata da watanni kuloci ba ya kamawa, har zafi ya cinye man ya ƙone faifan ciki da gaske.

A motoci da yawa, sauke farantin ƙasa kawai ya isa a kai ga solanoyid, aikin yini ɗaya ne. Akwatin da aka aiko daga Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas kuwa ba wanda ya san tafiyar da ya yi kafin a ciro shi. In kuma ashe waya ce ta tsinke a bayan inji, a tsohon soket ɗin nan za a jona sabon akwatin, fitilar gargaɗi ta sake kamawa kafin mota ta kai Kalgo.