Daƙiƙa Takwas a Birnin Paris

Ranar 23 ga Yuli, 1989, aka yi zangon ƙarshe na Tour de France, babbar gasar tseren keke ta duniya. An shafe mako uku ana fafatawa, an ci fiye da kilomita 3,000. Saura kilomita 24.5 daga Versailles zuwa Paris, kuma a ranar kowa shi kaɗai zai tashi, agogo na ƙirga masa lokaci.

Laurent Fignon, ɗan Faransa da ya ci gasar a 1983 da 1984, shi ne a gaba da daƙiƙa 50. Mai bi masa Greg LeMond ne na Amurka, wanda aka harba bisa kuskure wajen farauta a 1987, ya sha da ƙyar, har lokacin ma da sauran harsasai a jikinsa. Masana suka ce tafiyar ta yi gajarta, babu mai rama daƙiƙa 50 a cikinta.

LeMond ya ɗaura wani lanƙwasasshen ƙarfe a tsakiyar kan kekensa. Ya kifa gwiwoyin hannu a kai, ya haɗe hannuwa a gaba, ya sunkuya cikin hular kwano mai tsini ta baya. Shi kuwa Fignon kansa babu hula, gashinsa ɗaure a ƙeya yana kaɗawa, hannuwa a buɗe, ƙirji na tarar iska.

LeMond ya yi gudun kusan kilomita 54.5 a awa. Ya rama hamsin ɗin, ya ɗora takwas. Da Fignon ya iso, sai ya zube ƙasa. Ba a taɓa cin gasar da rata ƙarama kamar wannan ba.

Mutane kan ɗauka rashin nauyi ne ke sa keke gudu. A hawan tudu haka ne. Amma a miƙaƙƙiyar hanya, yawancin ƙarfin mai tsere wajen keta iska yake tafiya, kuma in gudu ya ninka biyu, turjiyar iska ninki huɗu take yi. Jikin mahayi ma ya fi keken tare ta.

Duk wanda ya taka keke tsakanin Tasawa da Mayahi da hunturu, iska na cika masa babbar riga, ya san haka a cinyoyinsa. Kafin ka yi sha'awar keken wani, busa tayarka ta yi tauri, sa wa sarƙa mai, tattare riga, ka sunkuya. Wannan gudun ba da kuɗi ake sayensa ba.