Hukuncin Ramin Mamatan Yaƙi da Aka Tarar Wajen Haƙa Harsashin Gini

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma a 2011, gonaki da tsofaffin kufai ke ta komawa filayen gidaje har zuwa hanyar Kurfi. Wannan ƙasa kuwa ta ga yaƙi. Bayan jihadi, Katsinawan da suka kafa Maraɗi sun shafe yawancin ƙarni na 19 suna kawo hare-hare ta yankin Ruma. Saboda haka ba abin mamaki ba ne magini ya ci karo da ƙasusuwan mutane da yawa cikin rami guda. To, mene ne hukunci?

Da farko, haɗa mamata a kabari ɗaya saboda lalura yana da asali. Bukhari ya ruwaito daga Jabir (RA) cewa Annabi (SAW) ya riƙa haɗa mutum biyu daga shahidan Uhudu, a shekara ta 3 bayan Hijira, yana gabatar da wanda ya fi haddar Alƙur'ani. Ashe irin wannan rami kabari ne cikakke, yana da alfarmar kowane kabari.

Na biyu, a mazhabar Malikiyya kabari hubusi ne ga mai shi. Shaihu Halilu ya tabbatar a Muhtasar cewa ba a tone shi muddin mamacin na ciki. Hadisin A'isha (RA) a Abu Dawuda ya daidaita laifin karya ƙashin mamaci da na mai rai. Don haka takardar mallakar fili ba ta halatta wa mai gida ya kwashe ƙasusuwa da baraguzai ba, balle ya danne su da siminti a ɓoye.

Na uku, sauya wa mamaci wuri ya halatta idan akwai maslaha kuma ba a keta alfarmarsa ba. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa ambaliya ta buɗe kabarin Amru bn Jamuh da Abdullahi bn Amru shekara 46 bayan Uhudu, aka mayar da su wani wuri. Masu kafa hujja da tone kaburburan da ke filin Masallacin Madina su lura cewa na mushirikai ne, ba a kiyasta na Musulmi a kansu.

Abin da ya wajaba shi ne a dakatar da aiki, a rufe ramin, a sanar da hakimi da alƙali da 'yan sanda, domin a tantance tsohon rami ne ko ta'asar kwanan nan, wadda ke da haƙƙin jini da na magada. In ya yiwu a bar mamatan inda suke a katange wurin, shi ya fi. In ba hali, a tattara ƙasusuwan cikin likkafani a binne a maƙabarta, hukuma kuma ta duba asarar mai fili. Allah ne Mafi sani.