Me Ya Sa Hasken Maɓallan Sitiyari Yake Dishi-Dishi Da Dare?

A wannan makon shafinmu na kimiyya ya leƙa cikin mota.

Motocin zamani da yawa suna da maɓallai a jikin sitiyari, kamar na ƙara sautin rediyo, na canza tasha da na amsa waya. An sa su a nan ne don kada direba ya riƙa ɗauke hannu daga sitiyari. In dare ya yi aka kunna fitila, alamomin da ke jikinsu sukan yi haske, amma ɗan kaɗan, har wasu direbobi suna ƙorafi ba sa gani sosai. To rowar haske kamfanin ya yi, ko motar ce ta samu matsala? Wani lokaci da gangan aka yi shi haka, wani lokaci kuma matsala ce.

Bari mu fara da ido. Duk mun san abin da ke faruwa in aka ɗauke wuta da dare. Da farko ko tafin hannunmu ba ma gani, amma bayan 'yan mintuna sai mu fara gane ƙofa da kujera. Baƙin ɗigon da ke tsakiyar ido ne yake buɗewa don haske ya ƙara shiga. Sannan a can bayan ido akwai ƙwayoyin gani iri biyu. Masu siffar mazurari suna aiki cikin haske, su ne ke bambance launi. Masu siffar sanda kuwa su ne ma'aikatan dare, kuma sukan ɗauki kusan minti 30 kafin su gama sabawa da duhu. Amma in wani ya dalle mana ido da tocila, nan take duhun ya dawo sabo.

Haka abin yake ga direba. Abin da yake buƙatar gani yana waje: rami, akuya, mai keke marar fitila, ko tirelar da ta lalace a kan hanya. In maɓallan da ke gabansa suna ƙyalli kamar fuskar waya, idonsa zai saba da hasken ciki, titi ya ƙara yi masa duhu. Hasken kuma yana iya faɗawa kan gilashi ya rufe masa gani. Shi ya sa ake sa ƙananan ƙwayayen fitila marasa ƙarfi a bayan maɓallan. Wasu kamfanoni kamar BMW sun daɗe suna amfani da haske ja mai ruwan lemo, domin jan haske bai cika damun ƙwayoyin ganin dare ba. Kamfanin Saab na ƙasar Suwidin ma a 1993 ya sa wa motarsa Saab 900 wani maɓalli da ke kashe hasken agogunan gaban direba, ya bar na gudu kawai.

Sai dai in hasken ya yi rauni har direba yana sunkuyawa yana lalube, wannan ma haɗari ne. Ga lissafin da muka yi. Kilomita 100 mita 100,000 ce, awa ɗaya kuma daƙiƙa 3,600 ce. In muka raba, motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Direban da ya kalli ƙasa na daƙiƙa biyu ya yi tafiyar mita 56, fiye da rabin filin ƙwallo, ba tare da ya ga hanya ba.

To yaya za a gane matsala? Abu na farko, yawancin motoci suna da ɗan abin murzawa ko maɓalli kusa da sitiyari na ƙara hasken gaban direba da rage shi. Sau da yawa wani ne ya taɓa shi bai sani ba. Na biyu, ƙura da gumin hannu suna toshe alamomin, musamman lokacin hunturu, kuma tsumma mai ɗan laima ya isa. Na uku, in gefe ɗaya yana haske ɗaya ba ya yi, wataƙila ƙwan fitilar ne ya mutu.

Na huɗu shi ne mafi muhimmanci. Tunda sitiyari yana juyawa, wuta tana isa gare shi ne ta wata siririyar waya mai faɗi da aka naɗe kamar tef ɗin awo na kafinta. Tana warwarewa tana naɗewa duk lokacin da aka sha kwana. Ita ce kuma ke kai wuta ga ham da jakar iskar da ke kare direba in an yi karo. Don haka in hasken yana ɗaukewa yana dawowa lokacin juya sitiyari, ko ham ya daina ƙara, ko alamar jakar iska ta ƙi mutuwa, a kai motar wurin mai gyaran wayar mota da ya san aikinsa. Kada kowa ya kwance sitiyari a gida, domin jakar tana iya fashewa ta ji wa mutum mummunan rauni.

Mu ba mu isa tuƙi ba, amma muna da namu aikin. In muna cikin mota da dare, kada mu kunna fitilar ciki ko mu haska waya kusa da fuskar direba. In Baba ko Yaya yana laluben maɓalli, wanda ke zaune a gaba ya ce, "Bari in canza maka." Mu kuma tuna musu su daidaita hasken tun motar tana tsaye, kafin a kama hanya.

Allah Ya kiyaye hanya, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.

Daga wakilin aji biyu na ƙaramar sakandare, Ƙungiyar 'Yan Jarida