Nunin Tsoffin Motoci da Makomar Motocin Ƙasar Rano da Kibiya

Nunin tsoffin motoci taro ne da masu sha'awar motocin da aka daɗe da daina ƙera irinsu suke shiryawa, inda ake jera motocin a fili ko a cikin babban zaure domin jama'a su kalla, alƙalai su auna, a wasu lokutan kuma a yi gwanjonsu ga wanda ya fi tayi. Al'adar ta fi ƙarfi a Turai da Amurka. A Pebble Beach da ke jihar Kalifoniya ana yin irin wannan taro tun shekarar 1950, yanzu a watan Agusta, a birnin Paris kuma ana gudanar da Rétromobile tun 1976, yayin da a Ingila ake fito da motocin da aka ƙera kafin 1905 a kowane watan Nuwamba su yi tafiya daga Landan zuwa Brighton. A nahiyar Afirka, wanda ake yi a filin sukuwa na Ngong da ke Nairobi yana cikin waɗanda suka fi suna.

Ba kowace tsohuwar mota ake karɓa a waɗannan wurare ba. Ƙungiyar duniya mai kula da motocin tarihi, wadda ake kira FIVA, aka kuma kafa ta a 1966, ta gindaya cewa kafin a kira mota ta tarihi sai ta kai aƙalla shekara 30, kuma an adana ta bisa yanayinta na asali, sannan ba a amfani da ita wajen zirga-zirgar yau da kullum. Sharaɗin ƙarshe shi ya fi shafar mai karatu na ƙasar Hausa, domin shi ne ya raba motar da ake ajiyewa don tarihi da wadda ake nema wa iyali abinci da ita, ko da kuwa rana ɗaya suka fito daga kamfani.

Mai sha'awar da ya shiga babban nuni zai tarar an kasa motocin rukuni-rukuni bisa zamani ko kamfani ko ƙasa, kowace da allo a gabanta mai bayanin shekararta da waɗanda suka taɓa mallakarta. Alƙalan gasar, wadda ake kira Concours d'Elegance, wato gasar ƙawa da kyan tsari, ba ƙyallin fenti kaɗai suke dubawa ba: suna buɗe gaban mota su gwada lambar inji da ta gangar jiki su ga ko tare suka fito, su duba ɗinkin kujeru da wayoyin lantarki da kan kusoshi, su kuma sa a tayar da inji a kunna fitilu. Masana sun rabu gida biyu a nan, tsakanin masu ganin a kwance mota gaba ɗaya a mayar da ita sabuwa fil, da masu ganin a bar ta da tabonta da dusashen fentinta tun da su ne shaidar rayuwarta. Ra'ayi na biyu ya samu babbar nasara a 2024, lokacin da wata Bugatti ƙirar 1934 da ba a sabunta ta ba ta lashe babbar kyautar Pebble Beach, abin da bai taɓa faruwa ba a baya. Kuɗin da ke yawo a harkar ma ba kaɗan ba ne, domin a 2022 an sayar da wata Mercedes-Benz 300 SLR ƙirar 1955 a kan Yuro miliyan 135.

Rano, wadda take ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, da maƙwabciyarta Kibiya, ba wurare ne da aka sani da irin wannan biki ba, amma motocin da ake biyan kuɗi a kalla a Paris sun yi shekaru suna bin hanyoyinsu. Ƙasa ce ta noma, kuma tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya bunƙasa a Bunkure da Kura da Kadawa, buƙatar kai tumatir da shinkafa da hatsi kasuwannin Kano ta sa akori-kura da manyan motocin katako suka zama ƙashin bayan tattalin arzikin yankin. A daidai wannan zamani ne kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri da ke Kaduna, a 1975, kuma daga can ne Peugeot 504 ta bazu cikin Arewa.

Wannan mota ta cancanci a tsaya a kanta. An fara fito da ita a Faransa a 1968, ta zama gwarzuwar motar Turai ta 1969, ta kuma ci tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975, tseren da ake yi a kan hanyoyin ƙura da taɓo masu kama da waɗanda ke haɗa ƙauyukan Kibiya da damina. Ƙafafunta na baya ne ke tura ta, cikinta ya yi nisa da ƙasa, tana shanye gargada ba tare da ta jijjiga fasinja ba, injinta kuma mai sauƙin sha'ani ne wanda bakanike zai kwance ya ɗaura da sifana da sukuddireba ba tare da kwamfuta ba. Gwamnatin soja ta ƙarshen shekarun 1970 ta mayar da ita motar manyan jami'ai, doguwarta mai layin kujeru uku ta zama motar haya tsakanin garuruwa, kuma Kaduna ta ci gaba da harhaɗa ta har cikin shekarun 2000, bayan Faransa ta daɗe da barinta. Karyewar darajar Naira bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ta sa sabuwar mota ta gagari yawancin mutane, sai aka koma ga motocin Kwatano, waɗanda ke hannu kuma aka ci gaba da lallaɓa su har iya ƙarfinsu.

A wannan lallaɓawa ne ma'aunin alƙalan Turai ke gazawa. Motar da ta yi shekara 40 tana lodi a tashar Rano ba za ta ci maki ko kaɗan ba a wurinsu, domin an sauya mata inji, an yi wa ƙasanta walda, an ƙara mata sifirin don ta ɗauki buhuna, kayan gyaranta kuma an tsinto su ne a Ƙofar Ruwa a Kano ko a Panteka a Kaduna. Amma idan har tabo shaidar rayuwa ne, kamar yadda masu ra'ayin adanawa ke cewa, to kowace walda a jikin wannan mota tarihi ce ta yadda direba da bakanike da mai fenti suka riƙe sufurin karkara a lokacin da babu kuɗin sabuwa, kuma wannan fasaha ba ta gaza ta masu sabunta motocin attajirai ba.

Adana mota don tarihinta ba baƙon abu ba ne a Nijeriya, sai dai an fi saninsa a wajen masu mulki. Baƙar Mercedes-Benz ɗin da aka harbe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976 tana gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan a Legas, da hujin harsasai a jikinta. Fadar Kano ma tana riƙe da tsoffin motocin alfarma, ciki har da Rolls-Royce, a ƙarƙashin kulawar Sarkin Mota, wato shugaban direbobin sarki, kuma idan aka fito da su jama'a kan yi dafifi su kalla kamar yadda suke yi wa dawakan hawan salla, abin da ke nuna cewa sha'awar tana nan.

Motar talaka kuwa ƙarshenta hannun 'yan gwangwan, waɗanda ke sayen ta a kan nauyin ƙarfenta su yayyanka a kai masana'antar narkarwa. Abin takaici ne, domin bushewar iskar kudancin Kano da rashin gishirin da ake watsawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara sun sa tsatsa ba ta cin jikin mota da sauri a nan, zafin rana ne kawai ke lalata fenti da roba da kujeru, rumfar kwano kuwa ta isa ta kare su. Abin da ya fi saurin ɓacewa shi ne takardu: rasit ɗin saye, da tsohuwar lamba mai harrufan KN ta jihar Kano, da sunayen direbobin da suka riƙe motar. Masarautar Rano, wadda ƙananan hukumomin Rano da Kibiya da Bunkure ke ƙarƙashinta, tare da ƙungiyoyin direbobi da na makanikai, su ne suka fi kowa sanin inda ragowar waɗannan motoci suke fake a bayan gidaje da garejoji, kuma tsoffin direbobin da za su iya cewa wace mota ce ta wane, da hanyar da ta riƙa bi, yawancinsu sun manyanta.